Shekarar da Na Niƙa Irin Iya

Wannan babi na daɗe ina kewaye shi, kamar yadda mutum yake kewaye kututturen da ya taɓa fasa masa yatsa. Na rubuta muku ƙuruciyata, na rubuta yadda aka kawo ni gidan mahaifinku a ƙauyenmu da ke bayan Tsiga, sai na tsallake shekara guda kamar ba a yi ta ba. Abin da ya dawo da ni kanta shi ne hirar da aka yi a tsakar gidana ranar ƙaramar Sallar da ta wuce. Allah ya ba ni ikon faɗin gaskiya, ku kuma ya ba ku haƙurin karanta rubutun wadda ta koyi riƙe fensir da goyo a bayanta, a ajin yaƙi da jahilci.

Ranar nan ɗan'uwanku Kabiru bai daɗe da dawowa daga ƙasashen Asiya ba, inda wurin aikinsa suka tura shi, kowa ya kewaye shi ana jin labari. Ya dube ni ya ce,

"Inna, mutanen nan fa da talakawa ne kamarmu, har yunwa sun sha. Yanzu in kin ga ƙauyukansu sai ki riƙe baki. Kuma ba da manyan masana'antu suka fara ba, da ƙaramin manomi suka fara. An ba shi iri mai kyau, an ba shi taki, an yi masa hanyar kai kaya kasuwa, an sa 'ya'yansa makaranta. Da cikinsa ya cika, sai sauran abubuwan suka biyo baya."

Sai babbanku, wanda ko a takarda ba na iya kiran sunansa, ya yi dariya ya ce,

"Mu kuwa namu ci gaban, Baba ne ya sayar da irin kakarmu ya sayi rediyo."

Kuka kwashe da dariya, har jikokin da ba su san Malam, mahaifinku, ba sai a hoto. Ban ga laifinku ba, da wannan magana kuka tashi, a bakin baffanninku kuka ji ta. Na miƙe na tafi duba tukunyar da ba ta buƙatar dubawa. Shekara shida ke nan da rasuwarsa ana dariyar abin da bai yi ba, ni kuwa da na yi ina zaune ana ce mini Hajiya mai haƙuri. To, yau zan sauke kayan nan.

Ku kun san Iya, kakarku, a tsohuwa mai zama bakin ƙofa tana kaɗi. Ni da ƙarfinta na same ta. Gandu na maza ne, amma iri nata ne, ba mai sa hannu. In kaka ta yi, kafin a kwantar da kara ko ɗaya, ita za ta fara shiga gona da 'yar wuƙarta, ta bi kunya kunya tana zaɓen zangarniya. Ba ta ɗaukar wadda ta fi girma don girmanta kawai, sai ta ga karan bai kwanta ba, ta ga tsaba ta cika har wuya. Ta ɗaure su da igiyar rama, ta rataye a ɗakin girki daidai saman murhu, inda hayaƙi zai hana ƙwari. A cikin duk abin da take ratayewa akwai wata dawa gajeriya, fara mai ɗan ja a baki, wadda take nuna tun sauran dawa tana ciki. Ba ta da yawan tsaba kamar kaura, kuma da yake tana riga kowa nuna tsuntsaye suna damunta, shi ya sa sauran gidaje suka bar ta tun kafin zuwana. Iya kaɗai ta riƙe, har ana ce da ita dawar Iya. Ranar da ta fara koya mini zaɓe ta gaya mini asalinta.

"'Yar nan, uwata ce ta ɗauko ta daga tsohon garinmu na arewa, shekarar da yunwa ta kore su. A hanya ta binne ɗa, irin nan yana ɗaure a bakin zanenta, ba ta kwance ba. Ana cin ganye, ana cin dusa, ana kwana haka. Ba a cin iri."

Malam shi ne ɗanta na fari, don haka kunya ce tsakaninsu. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in za ta yi maganarsa sai ta ce wancan. In ya durƙusa gaishe ta da safe, bango take amsa wa. Rana ɗaya ce tal a shekara take taɓa hannunsa, ranar shuka. Zai zo bakin ƙofarta da ƙwaryar iri, ta ɗebi cikin tafinta ta zuba masa a nasa tafin, ta rufe da hannunta biyu ta ce Allah ya sa albarka, Allah ya ba ka mai yi maka. Shi ke nan. Amma na sha ganin mutumin nan, mai gemu, mai 'ya'ya, yana tafiya gona bayan nan kamar yaron da aka ɗinka wa rigar Salla.

A haka muke har aikin gona na gwamnati ya iso ƙasarmu. Malaman gona suka riƙa zuwa a kan babura, aka yanka hanya daga bakin titi har kusa da mu, aka gina sito inda ake ba da takin zamani, aka kawo sabuwar masara wadda ake kira mai aure. A da, mu masara abar bayan gida ce, ta gasawa, ba wanda yake cika rumbu da ita. Shekarar farko Malam ya gwada ta a rabin gandu, kuma wallahi duk wanda ya ce muku abin nan bai yi ba, bai gani ba ne. Goyo biyu a kara ɗaya, kowane kamar damtsen mutum. Motoci suka fara shigowa har gindin kukar garinmu suna lodi zuwa Funtua. A kakar nan muka sauke jinkar ɗakin Iya aka buga mata kwano, Malam ya sayi keke, ya sayi rediyon nan da kuke magana. Ku lura da kyau, a kakar nan ya saye ta, da masararsa. Shekara ta biyu ya cika gandu da masara, ya bar wa Iya 'yar gayaunar bayan gida ta shuka dawarta. Abin da aka samu a wurin bai taka kara ya karya ba. Ta zaɓi iri ta rataye, sauran muka ci kafin tsakiyar rani ya ƙare.

A kakar shekara ta biyun aka tara maza a gindin kuka, malamin gona ya yi musu bayani. Mata ba a kira mu ba, ba a taɓa kiranmu ba. Malam ya dawo yana dariya ya ce,

"Rabi, kin ji wani wayo. Wai masarar nan ba a maimaita irinta, sai dai kowace shekara a sayi sabo. Yaushe aka taɓa yin hatsin da ba ya haihuwa? Sun ga mun fara jin daɗi, 'yan kasuwa sun shiga ciki."

Iya ta ce wa bango,

"A gaya wa wancan, abin da ba ya haifar kamarsa alfadari ne."

Muka yi dariya duka. Ni kuwa na shiga gona na yi abin da aka koya mini, na zaɓi goyo mafi kyau, na ɗaure, na rataye su kusa da dawar Iya, reras, har ɗakin girki ya yi duhu. Duk sanda na ɗaga kai na ga masarar nan sai in ji a raina cewa mun rabu da yunwa har abada. Wannan tunanin shi ne ya ba ni ƙarfin halin yin abin da na yi.

Da bazara ta kama, Iya ta kwanta. Zazzaɓi ne ya fara, ya sauka ya bar ta ba ta iya riƙe komai a cikinta. Tuwon masara in na kai mata sai ta ce kamar auduga a baki. Na dama kunun gero, ta kurɓa sau ɗaya ta mayar. Malam ya sayo dawa a kasuwa, na surfa na niƙa na dama, ta shinshina ta kawar da kai. Cikin kwana goma mace mai ɗaukar dami a ka ta koma ina ɗaga ta da hannu ɗaya. An kai ta asibiti a Malumfashi, aka ba da magani aka ce a samu abin da za ta ci, don magani ba ya aiki a cikin da ba kowa. Wata safiya ina goge mata baki sai ta ce, a hankali, ba ma da ni take ba,

"Da zan sami kunun dawata."

Na koma ɗakin girki na zauna a kan turmi. Rumbu ba ƙwayar dawarta ko ɗaya, na sani, ni na share shi. Na ɗaga kai. Na daɗe ina kallo. Na ce a raina zangarniya ɗaya ce, ba za a gane ba, kuma ga masara nan ta cika ɗaki, wa zai sake dogara da dawa? Na taka turmin na zare ɗaya. Na murje ta a faifai, na wanke hayaƙin, na niƙa a dutse, na dama da ɗan tsamiya. Ta karɓi ludayi ta kurɓa, ta tsaya, ta sake kurɓa. Ta shanye ƙwaryar tas. Sa'an nan ta dube ni da idanun nan nata da suka faɗa ta ce,

"Ina kika samo wannan?"

"Ragowar ƙasan rumbu ce, Iya, na kakkaɓe."

"Allah ya yi miki albarka. Ashe da saura."

Ƙaryar farko ke nan, kuma ta fito daga bakina a sauƙaƙe har ta ba ni tsoro. Washegari na zare ta biyu. Na ce in ta kai rabi zan tsaya. Da ta kai rabi Iya ta fara zama da kanta, na ce to bari ta ƙara ƙarfi kaɗan. Da ya rage uku na tsaya da gaske, na koma dama mata ta kasuwa, sai ta fara mayarwa, jikin ya sake lafewa, Malam ya riƙa zama bakin ƙofarta yana jan carbi ba ya ko zuwa zaure. Na niƙa ta uku, na niƙa ta biyu. Ta ƙarshen na riƙe ta a hannu har ruwan da na ɗora ya ƙone, na sake ɗora wani. Da na ce zan cire ko cikin tafi ɗaya in ƙulle a tsumma, sai na ga in na cire kunun ba zai yi kauri ba. Ban cire ba. Wannan cikin tafin, 'ya'yana, har yau ina ganinsa. Na matsar da masara na rufe gurbin, ba wanda ya lura, don maza ba su shiga ɗakin girki, Iya kuwa ba ta fitowa.

Ta warke. Ruwan shuka ya sauka ranar wata Laraba, gari ya waye da ƙanshin ƙasa. Malam yana tsakar gida yana gyara ƙotar sungumi, rediyonsa tana rataye a jikin rumbu tana magana. Iya ta fito tana dogara sanda, fitowarta ta farko, ta tsaya ƙofar ɗakin girki ta ce,

"'Yar nan, sauko mini da irina in murje."

Na tsaya da muciya a hannu. Ta sake faɗa, ta matso ta leƙa da kanta, ta sa sanda ta ture masarar, igiyar rama ta bayyana ba komai a jikinta. Malam ya ɗago kai. Ya dubi igiyar, ya dube ni, na ga lokacin da ya tuna kunun da uwarsa ta yi wata guda tana sha. Ya ajiye sungumin ya zo ya durƙusa a bayanta ya ce,

"Iya, ni na sauke. Na haɗa da sauran hatsi na kai Funtua."

Karo na farko tun da na zo gidan nan na ga ta juyo ta kalle shi ido cikin ido.

"Iri? Iri ka kai kasuwa?"

"Na ga masara ta wadata ne, Iya. Ki yi haƙuri."

Ta ɗaga ido ta kalli rediyon da ke ta surutu a jikin rumbu, ta daɗe tana kallonta, ta juya ta koma ɗaki. Matar baffanku tana wanke-wanke a gefe, ta ga kallon nan, kafin azahar gari ya ɗauka cewa Malam ya sayar da irin uwarsa ya sayi rediyo. Daga nan labarinku ya samo asali.

Da hantsi Malam ya ɗauki ƙwaryar irin masara ya je bakin ƙofarta kamar yadda aka saba. Ya yi sallama ya durƙusa. 'Yan uwansa suna jira a waje da kayan shuka, rana tana ɗagawa, ƙasa tana shan iska. Ya daɗe a durƙushe har na ga ƙafarsa tana rawa. Daga ciki ta ce,

"A gaya wa wancan ya je, akwatin nan mai magana ya sa masa albarka."

Da yamma ya dawo na tare shi a bayan rumbu ina kuka, na ce ya bar ni in shiga in faɗa mata. Ya hana ni.

"Rabi, ni ɗanta ne, in ta yi fushi da ni ba inda za ta kai ni. Ke in aka ji kin ci iri, 'yan uwana ba za su bar ki ki kwana a gidan nan ba, ga yara ƙanana. Kuma ke kika tashe ta daga kwance. In ta san abin da ta sha, sai ta ce gara da an bar ta ta mutu. Fushin uwa hadarin gabas ne, yana taruwa ya watse. Ki yi shiru."

Na yi shiru. Shiru ba ya yi mini wuya, shi ne abin da kowa yake yabona da shi. Amma Malam bai san uwarsa ba kamar yadda yake zato.

Daminar nan ta nuna mana cewa malamin gona ba wayo yake yi ba. Masarar da na zaɓa da hannuna ta fito wata doguwa wata gajeriya, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba, wasu karan ma ba goyo sam. Sa'an nan ruwa ya ɗauke tun tana fid da gemu. Waɗanda suka sayi sabon iri sun tsira da wani abu, mu kuwa da ƙyar muka rufe ƙasan rumbu. Irin shekarar farin da aka riƙe dawar Iya dominta ke nan tun zamanin uwarta, ta zo ta tarar ba ta nan. Iya ba ta ce ga irinta nan ba, ba ta ce na faɗa muku ba. Takan zauna bakin ƙofa ta kalli gayaunar bayan gida, inda kubewa kawai na shuka, ta ci gaba da kaɗinta. An sayar da shanun huɗa. Malam ya tafi Funtua cin rani yana dakon auduga a injin gurza, mutumin da bai taɓa yi wa wani aiki ba. Haƙarƙarinku a waje kuka ga damina ta gaba.

A ranin nan na nemi izini na tafi wajen Gwamma, wata Bamagujiya da ke can wajen Kafur, ƙawata ce tun muna haɗuwa a kasuwa tana kawo daddawa. Su matansu suna noma da kansu, kowace da rumbunta, na ce ko Allah zai sa su riƙe irin nan. Ita kaɗai na gaya wa gaskiya a lokacin. Ta ajiye taɓarya ta riƙe haɓa ta ce,

"Rabi! Mu da kuke cewa ba mu san alƙibla ba, mun san ba a cin iri. Ke da sallarki biyar!"

Da ta ga ina share hawaye sai ta zauna kusa da ni ta ce,

"To bar kuka, sakarya. Da ni ce ma, ban san abin da zan yi ba. Tsohuwa tana mutuwa a hannunka, magani yana rataye a kanka. Tashi mu zaga dangi."

Kwana biyu muna bin gidajensu, kowace mace ta ɗebo mini gajeriyar dawar da take da ita, na ƙulle daban daban a bakin zane. Na kawo wa Iya na baje a faifai. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowane ƙulli, ta sa a haƙori ta fasa, ta tauna, ta ajiye. A na ƙarshe ta ɗan jima tana taunawa. Sai ta ce,

"Wannan 'yar uwarta ce, ba ita ba ce. Sannu da wahala, 'yar nan. Wani ya ɓata, ke kina yawon gyara."

Ba zan yi wa Allah butulci ba. Daga shekarar da ta biyo muka riƙa sayen sabon iri, masara ta dawo da albarkarta, aka mayar da shanu, aka buga kwano a kowane ɗaki. Da masarar nan kuka yi makaranta, maza da mata, da ita na je Makka. Abin da Kabiru ya gani a can, mu ma mun ɗanɗana bakinsa a nan, na ga ƙauyen da ake kwana da yunwa ya koma ana auna hatsi da mota. Sai dai namu bai ɗore kamar nasu ba. Taki ya zo ya yi wuya, hanyar ta lalace ba mai gyara, siton ya zama wurin kwanan awaki, ƙasa ta gaji, ciyawar wuta-wuta ta cinye gonaki. Na ga mutanen da suka yi wa Iya dariya suna yawo gida gida suna tambayar tsohuwar dawa mai jure fari. Bayan kun watse ranar Sallar nan na kira Kabiru gefe na tambaye shi, su mutanen can da aka kawo musu sabon iri, ina suka kai tsohon? Ya ce akwai gidaje na musamman da ake adana iri a cikin sanyi, har a ƙasarmu ma akwai. Na ce to ba wanda ya zo ya tambayi Iya. Na sake tambayarsa, in za a yi bayani, wa ake kira? Ya ce a wuraren da abin ya fi kyau har mata ake tarawa. Na ce ka riƙe wannan a aikinka. Da a gaban masu rataye iri malamin nan ya yi magana, da mun tambaye shi abin da maza ba su san a tambaya ba, da ban cika ɗakin girki da abin da ba ya haihuwa ba har na raina abin da yake haihuwa. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba. Hannuna ne ya zare zangarniyar nan. Amma duk wanda zai kawo wa talaka sabon abu, ya fara leƙa ɗakin girkinsa ya ga abin da ke rataye, ya tambayi wadda ta rataye shi dalili.

Iya ta ƙara shekara huɗu a duniya. Tana amsa gaisuwarsa, tana cin abin da ya noma, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Baƙo ba zai gane komai ba, sai ya ɗauka kunyar ɗan fari ce. Amma duk ranar shuka zai zo ya durƙusa da ƙwarya, ita kuma ba za ta fito ba. Sau huɗu ina kallo ta kafar ƙofa. Sau huɗu ina cewa bari in faɗa, yana cewa ki bari, baɗi za ta huce.

Ciwon ajalinta da kaka ya zo. Wata safiya na ga numfashinta ya sauya, na san ba sauran baɗi. Malam yana zaune a ƙasa jikin rumbu, don ko a lokacin kunya ba ta bar shi ya shiga ya zauna kusa da ita ba. Ban nemi izininsa ba. Na shiga na durƙusa na kama ƙafarta na ce,

"Iya, ina da maganar da zan faɗa miki, ki yafe mini. Irin nan ba shi ya sayar ba. Ni na niƙa. Kunun da kika sha kina kwance, ba ragowar rumbu ba ce, irinki ne, zangarniya zangarniya na zare har ya ƙare. Shi bai ma sani ba. Rufa mini asiri ya yi."

Ta buɗe ido ta kalle ni. Na jira ta janye ƙafarta. Sai na ga bakinta ya motsa, ashe murmushi take.

"Kai, 'yar nan. Har da ƙarya za ki yi masa?"

"Wallahi Iya gaskiya nake faɗa."

"Kar ki rantse, ba kyau. Ni na koya miki da hannuna. Shekara nawa muna tare, ko ƙwayar gero ba ki taɓa ɗauka ba ki tambaya ba. Ke da kika taka har Kafur kina nema mini. Ke ba za ki ci iri ba."

Na sake faɗa, na kawo mata ranar, na kawo mata tsamiyar da na sa, na ce ta tuna ta tambaye ni ina na samo. Tana ta girgiza kai a hankali kamar mai lallashin yaro. Ta lalubo hannuna ta buɗe tafin, ta rufe shi da nata biyun, yadda take yi masa a da, ta ce,

"Wancan ya yi dace da mata. Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ki mai yi miki. Na gaji, bar ni in huta."

Ta juya fuskarta bango. Na zauna ina jiran ta sake juyowa, ba ta juyo ba. Da na fito Malam ya miƙe tsaye, ya ga fuskata ya san abin da na yi. Ya ce,

"Kin faɗa mata?"

"Na faɗa. Ba ta yarda ba."

Can ya ce,

"Me ta ce?"

"Ta ce Allah ya yi mini albarka."

"Ni fa?"

Ya dubi hannuna, wanda har lokacin yake dunƙule ban buɗe ba, ya gyaɗa kai ya ce,

"To, ki riƙe ta da kyau, Rabi. Ta ishe mu mu biyu."

Ya ɗauki buta ya tafi ɗebo mata ruwa. Ba ta kai la'asar ba.